Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Likitoci Da Ma'aikatan Jinya Kan Maganin Homon Ga Matan Da Al'adarsu Ta Ɗauke

Assalamu alaikum.

Ya ku likitocinmu, malaman jinya, ungozomomi da masu ba da magani, bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya ƙara muku juriya a kan aikin da kuka rungumi yi, na rubuto muku ne a kan matan da suka gama haihuwa, ko suke dab da gamawa, waɗanda suke zuwa gabanku da kuka iri-iri su koma gida da amsa guda: "Haƙuri za ki yi, girma ne ya zo." Ina cikin waɗannan matan, ina kuma jin abin da suke faɗa wa juna idan babu namiji a kusa. Ni ba likita ba ce. Na dai karanta abin da likitoci suka rubuta wa junansu a kan lamarin, kuma nisan da na gani tsakanin abin da aka sani da abin da ake gaya mana shi ya sa na kasa yin shiru.

Lokacin da muke ɗauke da ciki kun tsaya mana. Kun auna jini, kun auna nauyi, kun saurari bugun zuciyar abin da ke cikinmu, kun rubuta mana ranar dawowa. Da haihuwa ta tsaya sai kulawar ta tsaya tare da ita, tamkar dama jaririn ake dubawa ba uwar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'adarsu kan ɗauke ne tsakanin shekara 45 zuwa 55. Matar da tata ta ɗauke tana da 50, Allah ya ja kwananta ta kai 75, kashi ɗaya cikin uku na rayuwarta ke nan ta yi a bayan wannan sauyi. Waɗannan shekaru sun yi yawa a ce babu mai tambayarta yaya take ji.

Kun fi ni sanin abin da ke faruwa a jiki, amma bari in faɗe shi da harshen da muke ji, domin mata ma za su karanta wannan takarda. Ma'ajiyar ƙwan mace guda biyu su ke samar da sinadaran homon da ake kira istirojin da furojestaron. Idan ƙwai ya kusa ƙarewa, sinadaran ba sa ɗaukewa rana ɗaya. Sukan yi shekaru suna hawa da sauka, al'ada ta rikice, ta zo da wuri, ta yi jinkiri, ta yi yawa, ta tsallake wata biyu. Sai an yi wata 12 cur babu jini sannan ake cewa ta ɗauke. A cikin wannan tsakani ne zafi ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska farat ɗaya, gumi ya jiƙe mata riga tana tsakiyar mutane, da dare ta farka shimfiɗa sharkaf. Barci ya gagara, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, gaɓoɓi su yi tsami, ta nemi kalmar da ta sani tun tana yarinya ta rasa. Kimanin mata uku cikin huɗu sukan sha wannan zafin. Wani dogon bincike da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2015, ya gano cewa ga matan da abin ke yawan taso wa, matsakaicin tsawonsa ya haura shekara 7, ga baƙaƙen fata a cikinsu kuwa ya kai shekara 10. Wanda ya ce wa mace ta yi haƙuri na ɗan lokaci ne, ya kamata ya san tsawon lokacin da yake magana a kai.

Ba na cewa kowace mace sai ta sha magani. Akwai waɗanda sauyin ke wuce musu salin-alin, akwai waɗanda suke jin jiki amma suka zaɓi su jure, kuma zaɓinsu abin girmamawa ne. Abin da nake ƙi shi ne mace ta jure saboda ba ta san akwai wata hanya ba. Mayar wa jiki da istirojin shi ne magani mafi ƙarfi da aka sani ga wannan zafi da gumin dare, yana rage yawansa da kusan kashi uku cikin huɗu, yana kuma kare ƙashi daga zaizayewar da ke ƙaruwa a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada. Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurinku. Me ya sa ba ma jin sa daga bakinku?

Na san amsar, kuma ban raina ta ba. Tarihin magungunan homon akwai tabo a jikinsa. A 1938 aka haɗa wani istirojin na masana'anta mai suna DES, aka yi shekaru ana ba mata masu ciki da zaton yana hana ɓari, sai a 1971 aka gano cewa 'ya'ya matan da aka haifa ta wannan hanya suna kamuwa da wata sankarar farji da ba a saba gani ga masu ƙuruciya ba. A 1942 Amurka ta amince da wani maganin istirojin mai suna Premarin, wanda ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki. Zuwa shekarun 1960 har an kai ga tallata istirojin a matsayin abin da zai hana mace tsufa, ana ba da shi ga mai ciwo da marar ciwo. A 1975 bincike ya nuna cewa matan da ke shan istirojin shi kaɗai alhali suna da mahaifa suna fuskantar ƙarin haɗarin sankarar bangon mahaifa ninki-ba-ninki. Daga nan aka koyi haɗa shi da furojestaron ko danginsa, wanda ke hana bangon mahaifa yin kauri fiye da kima. Duk likitan da ya san wannan tarihi ya yi taka-tsantsan, ba zan ga laifinsa ba.

Amma tsoron da ya fi kama hannunku a yau daga 2002 ya samo asali, don haka ina so mu tsaya a kansa sosai. Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin wani babban bincike da ake kira WHI. A ɓangare ɗaya an sa mata 16,608 masu mahaifa, rabi aka ba su istirojin na fitsarin goɗiya haɗe da wani dangin furojestaron na masana'anta, rabi aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. A watan Yuli na 2002 aka dakatar da wannan ɓangare kafin wa'adinsa, bayan kimanin shekara biyar, labari ya zaga duniya cewa maganin yana ƙara sankarar mama da kashi 26 cikin ɗari. Mata miliyoyi suka zubar da magungunansu, likitoci suka janye hannu, makarantun koyon likitanci da yawa suka rage koyar da batun.

Ga abin da wannan kashi 26 yake nufi idan aka mayar da shi mutane. A cikin mata 10,000 da suka sha maganin tsawon shekara guda, an samu ƙarin mata 8 masu sankarar mama, ƙarin 7 masu ciwon zuciya, ƙarin 8 masu shanyewar ɓarin jiki, ƙarin 8 da gudan jini ya toshe musu jijiyar huhu. A cikin wannan adadi dai an samu ragin mata 6 masu sankarar hanji da ragin 5 masu karayar ƙashin ƙugu. Haɗarin gaskiya ne, kuma kowace ɗaya daga cikin matan nan takwas uwar wasu ce. Amma matar da aka ce wa "kashi 26" da wadda aka ce wa "takwas cikin dubu goma a shekara" ba abu ɗaya suka ji ba, ko da yake lissafin ɗaya ne. Ta farko za ta gudu. Ta biyu za ta zauna ta yi tunani, ta auna da irin wahalar da take sha.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci. Matan da aka yi binciken a kansu shekarunsu daga 50 ne zuwa 79, matsakaicinsu 63. Yawancinsu sun daɗe da wuce lokacin ɗaukewar al'ada, kuma ba don zafi ko gumi aka ba su maganin ba, an so ne a ga ko zai hana ciwon zuciya da sauran cututtukan tsufa. Amsar wannan tambayar ita ce a'a, kuma har yau ba a ba da shawarar a fara wa tsohuwa maganin homon don rigakafin ciwon zuciya. Sai dai matar da ke zaune a gabanku tana da shekara 49 ko 52, ta yi watanni ba ta samu barcin kirki ba, ba ita ce mai shekara 63 ba. Da aka sake duba sakamakon bisa shekaru, an ga haɗarin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba ga masu ƙarancin shekaru. Ɗaya ɓangaren binciken, na mata 10,739 da aka cire wa mahaifa aka ba su istirojin kaɗai, bai nuna ƙarin sankarar mama ba, bayan dogon bibiya ma sai aka ga ragi. A 2017 aka wallafa sakamakon bibiyar shekara 18, babu bambanci a yawan mace-mace tsakanin waɗanda suka sha maganin da waɗanda ba su sha ba. Wannan ne ya sa manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka tsaya a kan cewa ga mace mai lafiya da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, wadda alamomin ke damun ta, amfanin maganin ya fi haɗarinsa.

Kada a ɗauka ina so in share maganar sankarar mama. A 2019 mujallar Lancet ta wallafa nazarin da ya tattara bincike masu yawa, ya ƙiyasta cewa idan mata suka fara magani a shekara 50 suka yi shekara biyar a kai, to a cikin shekara 20 za a samu ƙarin mace ɗaya mai sankarar mama a cikin kowace 50 da suka sha haɗin nan biyu kullum, ɗaya cikin 70 ga masu shan istirojin kullum da furojestaron na wasu kwanaki a wata, ɗaya cikin 200 ga masu istirojin kaɗai. A kan istirojin kaɗai wannan nazari da na WHI ba su zo daidai ba, kuma ya kamata a gaya wa mace haka nan. Ku faɗa mana waɗannan alƙaluma yadda suke. Mun yanke shawarar da ta fi wannan nauyi a rayuwarmu, mun sa hannu an yi mana tiyata, mun yi jinyar iyaye da 'ya'ya. Za mu iya jin "ɗaya cikin hamsin" mu yanke wa kanmu.

Tambayar da mata suka fi yi ita ce: "Shin ba sinadari ne da aka haɗa a masana'anta ba?" A nan ma muna buƙatar ku warware mana, domin ana cutar mu da wannan tambaya. Kusan duk maganin homon a masana'anta ake haɗa shi. Tun shekarun 1940 wani masanin kimiyya mai suna Russell Marker ya gano yadda za a samar da furojestaron daga wata doyar jeji ta ƙasar Meksiko, kuma har gobe daga tsirrai ake ɗauko tushen da yawa daga cikinsu. Abin dubawa shi ne yadda ƙirarsa take idan ya fito. Akwai wanda ƙirarsa daidai take da wanda jikin mace ke samarwa, kamar istirojin da ake kira istiradayol da furojestaron da ake niƙawa ya yi laushi ƙwarai. Akwai wanda aka sauya masa ƙira don ya ƙara ƙarfi ko ya daɗe a jiki, kamar dangin furojestaron da aka yi amfani da shi a binciken WHI, da kuma istirojin mai ƙarfi da ke cikin yawancin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Akwai kuma tibolon, wanda ke aikin homon uku a jiki, aka kuma ga yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga tsofaffi, yana kuma ƙara dawowar sankarar mama ga waɗanda suka taɓa yi. Duk waɗannan sunansu maganin homon, amma ba halinsu ɗaya ba. Wanda ya yi musu kuɗin goro, ya yabe su duka ko ya tsine musu duka, bai yi wa mace adalci ba.

Hanyar da maganin ke shiga jiki ma tana da nata hukuncin. Ƙwayar da aka haɗiya sai ta bi ta hanta kafin ta shiga jini, kuma a can take sa hanta ta ƙara samar da abubuwan da ke daskarar da jini. Wanda ake mannawa a fata kamar filasta, ko wanda ake shafawa, ba ya bi ta wannan hanya, kuma manyan bincike sun nuna bai ƙara haɗarin gudan jini a jijiya yadda ƙwayar ke yi ba. Mace mai ƙiba, ko mai ciwon kai na ɓari guda, ko mai wani dalilin da zai sa a ji mata tsoron gudan jini, wannan bambanci yana iya zama shi ne tsakanin a ba ta da a hana ta. Sau nawa aka zaunar da mace aka yi mata wannan bayani? Haka mai mahaifa, dole a haɗa mata da abin da zai kare bangon mahaifarta, ko ƙwaya ko robar nan mai ɗauke da homon da ake sakawa a mahaifa. Wadda aka cire wa mahaifa kuwa galibi istirojin kaɗai ya ishe ta. Tambaya ɗaya ce tak ke raba waɗannan mata biyu, kuma mai ba da magani da ya miƙa istirojin bai yi ta ba ya ɗauki alhaki.

Akwai matan da bai kamata a ba su ba, kun san su: wadda ta taɓa yin sankarar mama ko ta bangon mahaifa, wadda ke zubar da jinin da ba a gano dalilinsa ba, wadda ta taɓa samun gudan jini a jijiya ko shanyewar ɓarin jiki ko toshewar jijiyar zuciya, da mai ciwon hanta da ke kan ganiyarsa. Su ma kada a sallame su hannu rabbana. Wasu magungunan da aka yi don damuwa suna rage zafin idan aka ba da su kaɗan, haka ma gabafentin, wani maganin farfaɗiya da ciwon jijiya. A 2023 Amurka ta amince da wani sabon magani marar homon mai suna Veozah, wanda ke aiki a sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki, ko da yake shi sai ana duba lafiyar hanta. Zama da masanin halayyar ɗan Adam yana taimaka wa barci da yadda mace ke ɗaukar abin. A kula kuma, wadda ke shan tamoksifen don sankarar mama, wasu daga cikin magungunan damuwar suna rage masa ƙarfi.

Yanzu zan taɓo abin da kunya ke hana mu faɗa muku, kuma ina roƙon ku karanta wannan sashe da natsuwa. Idan istirojin ya ja baya, fatar gaban mace takan yi siriri ta bushe. Ƙaiƙayi, raɗaɗi, zafin fitsari, fitsari akai-akai, ciwon mafitsara mai tafiya yana dawowa, da zafi mai tsanani lokacin kwanciya da miji, wani lokaci har da jini. Zafin jiki da gumi sukan lafa da kansu in an daɗe, wannan kuwa ba ya lafawa, ƙaruwa yake yi da shekaru. Na san matan da aurensu ya yi sanyi saboda shi, miji yana zaton an guje shi ne, matar tana kuka a ɓoye ba ta da bakin bayani. Na san waɗanda aka yi ta ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta zagaye bayan zagaye da sunan ciwon sanyi, alhali babu wanda ya duba ya ga bushewa ce. Maganinsa kuwa yana cikin mafi sauƙi: ɗan istirojin kaɗan da ake sakawa a wurin, na shafawa ko ƙwaya ko zobe, wanda abin da ke shiga jini daga gare shi ƙalilan ne, ba ya buƙatar a haɗa shi da furojestaron, kuma an nuna yana rage dawowar ciwon mafitsara. Mace mai shekara 70 ma tana iya amfana da shi. Matar da ta haife ku ko ta yi jika da ku ba za ta buɗe baki ta fara wannan magana da ɗan saurayin likita ba. Ku ne za ku buɗe mata ƙofa, cikin ladabi, da kalma ɗaya ko biyu: "Mama, mata da yawa a wannan shekaru suna samun bushewa ko zafi a gabansu, ke ma kina ji?" In namiji ya ga nauyin tambayar, ya kira ma'aikaciyar jinya ta yi.

Sai 'yan uwanmu da abin ya zo wa da wuri. Aƙalla mace ɗaya cikin ɗari al'adarta kan ɗauke kafin ta kai 40, wasu kuma tiyata ce ta cire musu ma'ajiyar ƙwai duka biyu, ko maganin sankara ya kashe ta. Waɗannan lissafinsu daban ne gaba ɗaya. Jikinsu ya rasa abin da ya kamata ya ci gaba da samu na shekara goma ko ashirin, kuma rashinsa yana jawo musu raunin ƙashi da ciwon zuciya da wuri. Shawarar masana a kansu a fili take: in babu abin da ya hana, a ba su homon har su kai shekarun da al'ada ta saba ɗaukewa, wato wajen 51. Alƙaluman WHI ba a kansu aka yi ba. Abin takaici ne matuƙa a yi wa mace mai shekara 36 tiyata, a sallame ta da maganin ciwo da ranar cire zare, babu wanda ya gaya mata abin da zai same ta cikin 'yan kwanaki, ko abin da zai sami ƙashinta cikin shekara goma. Likitan da ya riƙe wuƙa shi ya fi cancanta ya yi wannan bayani, tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Abu biyu kuma da nake so kowace mace ta ji daga bakinku ko ba ta tambaya ba. Maganin homon na ɗaukewar al'ada ba ya hana ɗaukar ciki, kuma rikicewar al'ada ba ta nufin ƙwai ya ƙare. Wadda ba ta son ciki ta ci gaba da kariya har shekara biyu bayan jininta na ƙarshe in ba ta kai 50 ba, shekara ɗaya in ta wuce. Na biyu ya fi gaggawa: duk jinin da ya zo bayan an yi shekara guda da ɗaukewa, ko ɗigo ne, a duba shi. Galibi ba sankara ba ce, amma kusan ɗaya cikin goma ita ce, kuma sankarar bangon mahaifa tana warkewa sosai in an kama ta da wuri. Mata da yawa murna suke yi, suna cewa ƙuruciya ce ta dawo.

Ku sani shirunku ba ya barin wurin fayau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matar da likita ya sallama da haƙuri za ta buɗe wayarta, ta tarar da masu sayar da mayuka da ƙwayoyi da garin "daidaita homon", kowanne yana rantsuwa nasa daga tsirrai yake, babu illa. Wasu babu komai a cikinsu sai asarar kuɗi. Wasu akwai homon na gaske a ciki, ba a san adadinsa ba, babu hukumar da ta auna. Man furojestaron da ake shafawa a fata ba a tabbatar yana kare bangon mahaifa ba, don haka wadda ta dogara da shi tana shan istirojin tana cikin haɗarin nan na 1975 ba ta sani ba. Su waɗannan 'yan kasuwa sun saurare ta, sun kira ciwonta da sunansa, shi ya sa ta yarda da su. A ɗaya gefen kuma ana samun masu tallata homon a matsayin maganin tsufa da mantuwa da komai, irin alkawarin da aka yi wa mata a shekarun 1960. Wannan ma ba gaskiya ba ne, kuma ku ne kaɗai za ku iya faɗin haka mace ta yarda, in kun riga kun nuna mata kun ɗauki kukanta da muhimmanci.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Idan mace ta haura 45 ta zo da rashin barci, faɗuwar gaba, ciwon gaɓoɓi ko ƙunci, ku tambaye ta yaya al'adarta take kafin ku rubuta maganin zazzaɓi ko na damuwa. Ƙa'idar da NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya a Ingila, ta fitar tun 2015 ta ce a irin wannan shekaru alamomi sun isa a gane, ba sai an yi gwajin homon a jini ba, domin sinadarin yau yana sama gobe yana ƙasa. Wannan sauƙi ne ga asibitin da ba shi da kayan gwaji. Ba ina nufin a rufe ido ba: gumin dare na iya zama tarin fuka, bugun zuciya na iya zama ciwon tayirod, wata gaɓa da ke wuya, ko ƙarancin jini, kuma ku kuka san yadda ake rarrabewa. Ku auna hawan jini, ku tambayi tarihin danginta, ku duba mama, ku tuna da mai ƙari a mahaifa domin homon na iya sa shi girma. In an fara magani, a fara da kaɗan, ta dawo bayan wata uku a ga yadda ta karɓe shi, daga nan a riƙa zama sau ɗaya a shekara ana sake aunawa, a ci gaba ko a rage ko a daina.

Ga malaman da ke koyar da ku kuma, da shugabannin asibitoci da masu tsara jerin magungunan da ake saye, ina roƙon a ba wannan batu gurbinsa a manhaja, kada ɗalibi ya fita ya san komai game da naƙuda bai san yadda ake rubuta istirojin ga mai mahaifa da marar mahaifa ba. A horar da ungozomomi da malaman jinya a kai, domin su mata suka fi sakin jiki da su, kuma su ne ke nan a inda babu likita. A sa na mannawa da na shafawa da na sakawa a gaba cikin magungunan da ake ajiyewa, saboda babu amfanin a yi wa mace bayani mai kyau ta je ɗakin magani a ce babu. A asibitin da ake da ranar awon ciki da ranar rigakafin yara, a ware ko da rabin yini ne a mako ga matan da suka haura 45.

Wassalam.

Taku,
wata uwa daga cikin masu zuwa gabanku.